Sayen gida a yammacin Zamfara: takarda, iyaka da abin da ke cikin ƙasa

A tsakiyar watan Agustan 2024, bayan mamakon ruwan sama, ambaliya ta shiga garin Gummi. Unguwanni suka cika maƙil, katangun ƙasa suka jiƙa tun daga gindi suka riƙa zubewa, iyalai suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka nemi tudu. Da Gwamna Dauda Lawal ya je jaje, Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya shaida masa cewa magidanta fiye da 10,000 abin ya shafa. Ruwan bai bambanta wanda ya gaji gidansa da wanda ya saya ba. Amma wanda ya saya yana da ƙarin ciwo: ya ƙirga kuɗi ya bayar, yana riƙe da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, kuma babu layi ɗaya a cikinta da ya gaya masa cewa gidan a kan hanyar ruwa yake.

Cinikin gida da fili ya yi zafi a Gummi da Anka da Bukkuyum cikin 'yan shekarun nan, kowa kuma ya san dalili. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa. A farkon Janairun 2022 kaɗai, harin da aka kai wa jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum ya ci rayukan da gwamnati ta ce 58 ne, mazauna yankin kuma suka ce sun kai 200. A garin Anka, 'yan gudun hijira sun shafe shekaru a harabar sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba. Wanda ya tsira da ɗan abin hannu burinsa ɗaya ne, ya samu inda zai sa iyalinsa a cikin gari ya rufe ƙofa. Mai sayarwa ma sau da yawa a matse yake, wani kuɗin magani yake nema, wani kuɗin fansa ake jira daga gare shi. Mai saye yana sauri, mai sayarwa yana sauri, dillali kuma la'adarsa ba ta fitowa sai an sallama. Babu wanda ya rage a wurin da zai ce a dakata a bincika.

Tsarin cinikin sananne ne. Dillali ya kai mai saye ya zagaya gidan, a leƙa ɗakuna, a ɗaga kai a dubi rufi, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har mai gida ya ce ya sallama. Sai a nufi wajen mai unguwa ko dagaci da shaidu a rubuta: wane ya sayar wa wane gidansa da ke unguwa kaza, gabas yana iyaka da wane, yamma da hanya, a kan kuɗi kaza. Kada a raina wannan takarda. Mai unguwar da ya tsufa a unguwarsa ya san abin da babu ofishin da ya sani, ya san wanda ya fara sare wurin, da wanda ya mutu ya bar 'ya'ya nawa, da katangar da aka taɓa yin rigima a kanta. Sai dai iyakar abin da takardar ke shaidawa shi ne an yi ciniki an biya. Ba ta tabbatar da cewa mai sayarwa shi kaɗai ke da gidan, hukumar filaye kuma ba ta san da zamanta ba.

A idon doka, ƙasar ma ba ta mai sayarwa ba ce. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Arewa ta sabunta tsarin a 1962, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, tare da ginin da ya ɗora. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni shi ke ba da takardarsa, wadda aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99 ga gidan zama. Sauran wurare ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar haƙƙin gargajiya a kansu. Garuruwan nan uku kowannensu hedkwatar ƙaramar hukuma ne da ke faɗaɗa yana cinye gonakin kewaye, don haka tambayar farko da mai saye zai kai sashen filaye ita ce: wannan wuri a wane ɓangare ya faɗa?

Sashe na 21 da na 22 na dokar sun hana sayar da haƙƙin zama ko jinginar da shi ba da amincewar hukuma ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da ƙarfi. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar gida sukutum saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk da cewa mai gidan ya mallaki wurin tun kafin a yi dokar. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Ogunleye da Oni, kotun ta ja kunne ta ɗaya gefen, ta ce C of O ba ta wanke wanda tun asali ba shi da haƙƙi a wurin. Wanda ya sayi gida a hannun wanda ba nasa ba, ko ya je Gusau ya samo takarda mai tambarin gwamna, mai haƙƙi na asali zai iya karɓe abinsa.

A nan maganar gado ke shigowa, kuma ita ce ta fi kayar da masu saye. Tsofaffin gidajen cikin gari da yawa ba na mutum ɗaya ba ne. Uba ya rasu, ba a raba ba, babban wa ya ci gaba da zama har unguwa ta saba kiran gidan da sunansa. Ranar da ya sa shi a kasuwa sai ya ce ai ya yi magana da kowa, alhali ba a tuntuɓi ƙanwar da ke aure a Zuru ko Jega ba, ko matar uban da ke da tumunin takaba, ko marayun ƙanin da ya rasu bayan uban. Kotunan yankin da fiƙihun Malikiyya suke raba gado tun kafin Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, kuma a fiƙihun babu mai sayar da rabon wani ba da wakilci ba. Ko da rabonsa kaɗai magaji ya sayar a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shufa'a, su mayar wa baƙon kuɗinsa su karɓi rabon. Haƙƙin yana faɗuwa idan mutum yana nan, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara. Wanda ba ya gari kuwa yana nan da haƙƙinsa har ya dawo.

Rashin tsaro ya ƙara wa wannan babi nauyi. Akwai gidan da aka tafi da wani magajinsa daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba, akwai wanda magajinsa ya yi gudun hijira ba a san inda ya sauka ba. Shari'a ba ta ɗaukar wanda ya ɓace a matsayin mamaci don kawai an gaji da jira. Alƙali ne ke yanke wannan hukunci, kafin nan rabonsa ajiya ne. Akwai kuma gidan da aka ba da jingina da baki a lokacin tashin hankali, a kan za a fanshe shi in an samu sarari, sai mai riƙon ya sayar kamar nasa. Masu irin wannan ciniki kan dogara da hauzi, ƙa'idar da ta ce wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gani bai ce uffan ba, to da'awar ta faɗi. Amma hauzi ba ya aiki a kan aro ko jingina ko amana, tsakanin 'yan uwa kuma wa'adinsa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Abin da ke kare mai saye shi ne takardar rabon gado daga kotu, ko a tara magada duka, maza da mata, kowa ya amsa da bakinsa a gaban alƙali. Mai sayarwar da ya ji an ambaci kotu ya fara cewa akwai wani mai saye yana jira, a bar masa gidansa.

Sai iyaka. A sababbin unguwannin bakin gari, mai gona ne ke yanka gonarsa ya sayar, abin da ake kira awon igiya. Cikakken fuloti ƙafa 50 ne a 100, kimanin mita 15 a 30, amma igiya tana miƙewa tana tsukewa gwargwadon hannun da ke riƙe da ita, hanyar da aka bari tsakanin layi da layi kuma takan ƙare a faɗin da amalanke kaɗai zai bi. Alamar iyaka kan zama bishiya, ko bulo da aka jera a kusurwa. Bishiya ana sarewa, bulo ana matsar da shi da dare. Aikin safiyo shi ne ya auna kusurwoyin da na'ura, ya kafa turakun siminti masu lamba, ya zana taswirar da ko bayan shekara 30 wani safiyon zai ɗauka ya gano wurin daidai. Wanda ke da rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, shi ke da ikon sa hannu da hatimi a irin wannan taswira, kuma ana shigar da kwafinta ofishin babban safiyon jiha.

Idan aka ɗora lambobin a kan taswirar gwamnati, nan ake gane ko filin ya faɗa cikin wurin da aka ware wa makaranta, ko maƙabarta, ko burtali. Titin gwamnatin tarayya yana da hurumin mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Layin wuta mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 ana bar masa mita 5.5 kowane gefe, na 132 mita 15, na 330 kuma mita 25. Ko filin da ke da cikakkiyar takarda, sashe na 28 ya ba gwamna damar karɓe shi don amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini da amfanin gona ce, ba ta farashin da aka sayi filin a kasuwa ba.

A Ingila mai sayen gida kan ɗauki ƙwararre ya duba ginin tun daga rufi har harsashi ya rubuta rahoto, da rahoton kuma ake komawa a nemi ragi kafin a sa hannu. A Anka ko Bukkuyum ilimin yana wurin tsofaffin magina da birkiloli, kuma kuɗin yinin magini ɗaya, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, shi ne mafi arha a duk abin da mai saye zai kashe. Gindin katanga yake fara durƙusawa ya duba, domin nan ruwa ke barin sawunsa: layin danshi, farin gishirin da ke cin yaɓe, ƙasar da ke marmashewa idan an taɓa. Bango ɗaya da aka yi wa sabon yaɓe alhali sauran sun tsufa, akwai abin da yake rufewa. Siririyar tsaga a fatar filasta ba komai ba ce, amma wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace ta buɗe baki, alama ce harsashi yana zama. A gidan ƙasa zai soka wuƙa a azara ya ji ko gara ta cinye cikinta. A gidan siminti zai murza bulo da yatsa ya ga ko yashi ne zalla.

Abin da aka ɗora ginin a kai ya fi ginin muhimmanci. Garuruwan nan suna kwarin Gulbin Zamfara, faɗaɗar gari kuma tana tura mutane cikin fadamun da iyaye suka bar wa shinkafa. Baƙar lakar fadama tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana wasa da harsashi shekara bayan shekara. Ga kuma tsofaffin kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gina gari a cikinsu, waɗanda su ne ke shanye ruwan unguwa. Idan aka cike kududdufi da shara, aka baje jar ƙasa a sama aka yanka fuloti, gidan da aka gina a kai zai riƙa nutsewa a hankali, ruwan da ya rasa masauki kuma ya shiga gidajen maƙwabta. Wanda ya ga gida a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙamas, bai ga gidan ba tukuna. In da hali a jira Agusta. In babu, a tambayi matan maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara, su ne suka kwashe shi da bokiti. A tambayi kuma inda masan maƙwabci yake, domin ma'aikatan lafiya suna son a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha, tsawon fuloti guda ke nan cif.

Idan aibin ya bayyana bayan an biya fa? Malaman Malikiyya sun raba aibin gida hawa-hawa. Ɗan ƙarami da ba a rasa shi a kowane gini ba ya jawo komai, matsakaici a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, babba kuwa, irin wanda ke barazanar rushe gida, a warware ciniki. Sharaɗin shi ne aibin ya girmi cinikin kuma mai saye bai san da shi ba. Wanda aka nuna wa tsaga ya gani ya ce ya yarda, ba shi da ta cewa daga baya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shi ya sa ya dace abin da mai gida ya faɗa game da ruwa da rufi da harsashi ya shiga takardar ciniki, a gaban shaidun nan dai.

Akwai aibin da babu maginin da zai gan shi, kuma Anka da Bukkuyum sun san shi sani mai ɗaci. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF da ke aiki a yankin suka lura yara ƙanana suna jijjiga suna mutuwa a wasu ƙauyuka. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a lokacin, mutane suna ɗauko duwatsun ma'adini daga ramuka su kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da ake takawa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne.

Ba a iya yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ya sa masa ciwon, don haka sai da aka gyara gidajen. Daga 2010 zuwa 2013 kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta Zamfara, da hannun mutanen ƙauyukan kansu, suka bi gida-gida suna kankare saman ƙasa suna zuba sabuwa mai tsabta. An kwashe ƙasa da tarkacen ma'adini fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka takwas, aka binne a ramukan da aka tanada. Bagega, wadda ta fi girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. MSF ta miƙa shirin jinyar ga hukumomin jihar a 2022.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ruwan sama kuma sai dai ya matsar da ita daga nan zuwa can. Gidan da aka share zai iya sake gurɓata idan aka dawo da niƙa cikinsa, haƙar zinariya kuwa ba ta tsaya ba ko a shekarun da gwamnatin tarayya ta haramta ta a jihar, daga Afrilun 2019 zuwa Disambar 2024. Wanda ya baro ƙauyen haƙa ya koma gari, ba lallai ne ya baro sana'arsa a can ba. Saboda haka mai sayen gida ko kango a wannan yanki, musamman mai ƙananan yara ko mata mai ciki, yana da tambayoyin da mai saye a Kano ba ya buƙata. An taɓa daka dutse ko wanke shi a gidan nan? Ƙasar tubali da ta daɓe daga wane rami aka ɗebo ta? Filin nan na bakin gari ba kusa da inda aka binne gurɓatacciyar ƙasa yake ba? Na'urar auna dalma da aka yi aikin sharar da ita, XRF, a hannu ake riƙe ta, a ɗora a ƙasa ta ba da lamba nan take. Abin takaici ne a ce a yankin da ya binne ɗaruruwan yara, gwajin ƙasa bai zama al'ada a cinikin gida ba.

An saya, an tare. Ba a jimawa maganar ƙari ke tasowa, domin gidan Bahaushe ba ya gama ginuwa: ɗa ya isa aure a yanka masa ɗaki kusa da zaure, 'yan uwa sun gudo daga ƙauye a rufe wani ɓangaren tsakar gida da kwano, ana neman na cefane a fasa katangar waje a fitar da shago. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce gini ko babban sauyi a gini sai da izini, a 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara gari hurumin jiha ne. A Zamfara aikin yana hannun hukumar tsara birane da yankuna, ZUREPB. Irin wannan hukuma ce ke duba zane, ta tabbatar an bar tazara tsakanin gini da titi da maƙwabci, ita ce kuma ke shafa jan fenti a bangon da ya saɓa. Mai sayen gidan da aka riga aka yi wa ƙari ya gaji laifin tare da ɗakin. Shagon da tsohon mai gida ya turo cikin hanya, ranar da za a ja magudanar ruwa, sabon mai gida za a rushe wa, kuma da wuya ya ga diyya.

Mafi haɗari shi ne ɗora bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa don bene ba. Birkila zai ce zai ɗauka. Injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN shi ne zai sa a haƙa gefen harsashi ya ga zurfinsa da faɗinsa, ya lissafa nauyi da rodin da ake buƙata, ya sa hannu ya ɗauki alhaki. A kan lakar fadama ko kududdufin da aka cike, amsarsa sau da yawa a'a ce, gara kuma a ji ta kafin a sayi siminti.

Tun kafin a san jan fenti garuruwan nan suna da dokar gini. Littattafan da alƙalai da malaman zaure ke karantarwa, irin su Risala, sun hana mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya saita ƙofarsa da tasa, ko ya yi haƙar da za ta cutar da shi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Har gobe rigingimun ƙari a unguwa a kan irin waɗannan suke: indararon da ke zuba a katangar wani, benen da ya tone asirin gidan da ke ƙasa, dakalin da ya toshe kwata ya juya ruwa zuwa zauren maƙwabci. Izinin hukuma ba ya hana maƙwabci kai ƙara idan an cuce shi, yardar maƙwabci kuma ba ta hana hukuma rushewa. Mai ƙari yana buƙatar duka biyun, yardar maƙwabci kuwa ba ta cin komai sai sallama da zama a zaure kafin a zube yashi.

Ba taurin kai kaɗai ke hana mutane bin ƙa'ida ba. A 2024 ministan gidaje, Ahmed Musa Dangiwa, ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Najeriya ba ta da rajista. Zamfara tana da ZAGIS, hukumar da ke shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kamar yadda Kano ke da KANGIS, Kaduna ke da KADGIS. Amma cibiyar aikin tana Gusau, kuma ga mutumin Gummi ko Nasarawar Burkullu zuwa Gusau tafiya ce ta sa'o'i a kan hanyar da ake shiga da addu'a. Kuɗin safiyo da na zane da na rajista idan aka haɗa kan yi wa mai ƙaramin gida nauyin da zai sa ya ce takardar mai unguwa ta ishe shi.

Tunda mutane wurin mai unguwa za su ci gaba da zuwa, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa aikinsa da na ofis. Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar, Sarkin Gummi kuma tsohon babban alƙalin babbar kotun Abuja ne, ya san shari'ar fili ciki da bai. Masarautu irin waɗannan za su iya sa kowane uban ƙasa ya riƙe littafin ciniki guda mai lamba, wanda ba a shigar da gidan gado cikinsa sai da takardar kotu. Safiyon gwamnati kuma ya riƙa zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma a ranakun da aka sani, ya auna gidajen unguwa guda a tare don kuɗin ya ragu. Aikin share dalma gida-gida aka yi shi, ana aunawa kafin a kankare da bayan an zuba sabuwar ƙasa, an kuma san inda kowane ramin binnewa yake. Kwafin wannan lissafi ya kamata a same shi a sashen filaye na Anka da na Bukkuyum, a buɗe ga duk mai niyyar saye, a kuma kafa wa ramukan turakun siminti tun kafin masu awon igiya su kai kansu.